Jinya Daga Bakin Zaure

Duk wanda ya taɓa kwantar da mara lafiya a asibitin gwamnati a ƙasar nan ya san gado ɗaya mutum biyu yake ci: wanda ke kwance a kai, da wanda ke kan tabarma a gefensa. Na kan tabarmar shi ne mai jinya. Shi zai yanki kati, shi zai bi layin biyan kuɗi, shi za a miƙa wa 'yar takarda a ce ya tsallaka titi ya sayo allura a kemis. In ana neman jini shi zai bi dangi da waya, in ruwan da aka ɗaura ya ƙare shi zai je ya taso nas. Zai kai fitsari ɗakin gwaji, ya dawo ya juya mara lafiyar, ya yi masa fifita, ya wanke fo. A Ingila ko Jamus ma'aikata ne ke yin yawancin wannan aiki, dangi su leƙo awa ɗaya su koma gida. Mu kuwa an tsara asibitinmu ne a kan cewa kowa zai zo da nasa.

Na fara da wannan ne don a gane ainihin abin da korona ta ɓalle a Kano a bazarar 2020. Cuta ce da ke bin numfashi, mutum na iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji wani abu, kuma inda ta fi kama mutane shi ne rufaffen ɗaki da aka daɗe ana shaƙar iska ɗaya. Wato dai wurin zaman mai jinya. Wanda ya fi kowa amfani ga mara lafiya shi ya fi kowa shiga haɗari, kuma shi zai kwashi cutar ya kai wa tsofaffin gidansu.

Kwanakin sun zo a jere kamar an shirya su. An tabbatar da mutum na farko a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu a Legas, na farko a Kano ranar 11 ga Afrilu. Gwamnatin jiha ta sa dokar kulle daga daren 16 ga wata. Azumi ya kama ranar 24, cikin zafin da ke haura digiri 40. Ranar 27 Shugaba Buhari ya ƙara wa Kano mako biyu na kulle gaba ɗaya. A tsakanin nan ne masu haƙar kabari a Ɗandolo da Abbatuwa suka fara kwarmata cewa aikinsu ya ninka, kuma a tsakanin nan ne ɗakin gwajin cutar, wanda shi kaɗai ne a jihar a lokacin, ya tsaya da aiki na wasu kwanaki. Kullum ka buɗe rediyo sanarwar rasuwa ce: Farfesa Ibrahim Ayagi, Farfesa Balarabe Maikaba, Sarkin Rano, Jarman Kano Farfesa Isa Hashim. A unguwa kuma yara na ta kiran babu korona.

Abokina ya kwanta a azumi na uku. Tare muka yi makarantar allo, tare muka yi firamare, ni na yi masa babban aboki ranar aurensa. Ya haura hamsin da kaɗan, yana da ciwon suga kusan shekara goma, yana shan ƙwayoyinsa, ba ya wasa da su. Zazzaɓi ne da ciwon jiki, sai ɗan tari. Aka sayo maganin maleriya kamar yadda kowa ke yi. Ni ina gabashin gari, shi yana can arewa, tsakaninmu shingen jami'an tsaro ya fi biyar. Abin da ya rage mana waya ce.

A wayar nan na gane illar wata kalma da muka tashi da ita. Ka tambayi Bahaushe ya jiki, ko yana gargara zai ce da sauƙi. Ba ƙarya yake yi ba, ladabi ne da godiyar Allah, kuma a zamanin lafiya ba ta cutar da kowa, domin mai dubiya da idonsa ya zo. Yana jin "da sauƙi" yana ganin idon ya faɗa, leɓe ya bushe, kwanon kunu na ajiye ba a taɓa ba. Yana fita sai ya ja babban ɗan gida gefe ya ce a tafi asibiti yanzu. Da kulle ya raba mu da ido, sai aka bar mu da kalmar tsurarta. Kwana biyar ina kira safe da yamma, kwana biyar ana ce mini da sauƙi, ni kuma ina cewa Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne, in kashe waya hankalina kwance.

Wata ƙanwata likita ce ta farkar da ni. Ta ce, "Yaya, daina tambayar ya jiki. Tambayi abin da ake ƙirgawa." Sau nawa ya yi fitsari yau? Kofi nawa na ruwa ya sha? Ya iya zuwa banɗaki da ƙafarsa, ko sai an riƙe shi? In yana magana yana kai ƙarshen zance, ko yana yankewa ya ja numfashi? Ta ce in sa uwargidansa ta ajiye agogon waya, ta zuba wa ƙirjinsa ido yana kwance, ta ƙirga sau nawa yake ɗagawa a minti ɗaya. Babban mutum mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. In ya kai 30, ba maganar gida ba ce kuma.

Na kira na ce, "Hajiya, ya mai jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, Malam, alhamdu lillahi." Na ce ta yi haƙuri ta ƙirga mini. Na ji shiru na minti guda, sai ƙarar fanka da kukan akuya a bayan gida. Ta dawo ta ce, "Ashirin da takwas." Shi kuwa daga kan katifa yana ɗaga murya yana cewa a gaya mini in daina tayar wa mutane da hankali, shi garau yake ji.

Kuma da gaske garau yake ji. Wannan shi ne makircin cutar, kuma ya cancanci a tsaya a fahimce shi. Huhu ba jaka ɗaya ba ce kamar balan-balan. Ɗaruruwan miliyoyin 'yan ƙananan buhuna ne, kowanne da siraran jijiyoyin jini a nannaɗe da shi. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin. A bangon waɗannan buhuna oksijin ke tsallakawa cikin jini, gurɓatacciyar iskar da jiki ya gama da ita, wadda ake kira kabon dayoksaid, ta tsallako waje. Abin da ke sa mutum ya ji numfashinsa ya sarƙe, galibi taruwar wannan gurɓatacciyar iska ce. Ƙwaƙwalwa ita ta fi sa wa ido, ba ta cika saurin kuka da ƙarancin oksijin ba. To korona kan kumbura bangon buhunan ta cika wasu da ruwa, oksijin ya kasa shiga yadda ya kamata, alhali gurɓatacciyar iskar, da yake ta fi saurin ratsawa, tana ci gaba da fita. Sai mutum ya ɗan ƙara saurin numfashi ba tare da ya lura ba, yana hira, yana danna waya, jininsa na ta yunwa. Sau da yawa a mako na biyu, wajen kwana na bakwai zuwa na goma, abin ke fashewa, daidai lokacin da zazzaɓi ya lafa, gida ya fara hamdala.

Akwai 'yar na'ura da ke tona wannan asiri, girmanta bai wuce kwalin ashana ba. Ana maƙala ta a yatsa kamar abin shanya, ta haska jan haske ta cikin nama, ta karanta kashi nawa na jini ke ɗauke da oksijin. Mai lafiya 95 zuwa sama. Ƙasa da 90 haɗari ne, ko da mai yatsan yana dariya. Wani injiniyan Japan mai suna Takuo Aoyagi ne ya gano dabararta a shekarun 1970, kuma ikon Allah a watan Afrilun 2020 ɗin nan ya rasu, lokacin da duniya ke wawason abin da ya ƙirƙira. Sai dai mu baƙaƙe akwai abin kiyayewa. Wani bincike na Jami'ar Michigan a Amurka da ya fito a Disambar 2020 ya nuna na'urar ta fi yawan ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata, kusan ninki uku a kan farar fata, domin launin fata na taɓa hasken. Jan farce, baƙin lalle da yatsa mai sanyi su ma suna rikita ta. Saboda haka in ta nuna 92 a hannun Bakano mai haki, a ɗauka abin ya fi haka muni. Ni dai a lokacin ko sunanta ban taɓa ji ba.

Ga kuma suga a gefe yana nasa aikin. Duk lokacin da jiki ke yaƙi da cuta yakan saki sinadaran da ke ɗaga sugan jini. Suga in ya hau sai ya ja ruwa ya fita ta fitsari. Haɗa wannan da zafin Afrilu, da zazzaɓi, da mutumin da ya dage sai ya yi azumi, za ka ga yadda jiki ke bushewa kamar ƙwarya a rana, har hankali ya fara gushewa. Ta ɗaya gefen kuma, wanda ya haɗiyi ƙwayar rage suga bai ci komai ba, suga na iya faɗuwa ya sume. Shari'a ta sauƙaƙa wa mara lafiya ya sha azumi ya rama, kowa ya san haka, amma dattijo ba ya son yaransa su gan shi da kofi da rana. Sai da na haɗa shi da limaminsu a waya kafin abokina ya yarda ya sha ruwa. Wannan ma aikin aboki ne, domin matarsa ta faɗa ya ƙi, ɗansa kuwa ba shi da bakin faɗa.

Shi ya sa gardamar da aka yi ta tafkawa a lokacin, wai korona ce ke kashe mutane ko hawan jini da suga da maleriya, ban ga kanta ba. Gwamnatin jiha ta fara jingina mace-macen ga waɗannan cututtuka da sanƙarau. To ai masu su ne korona ta fi kayarwa. Kuma ko wanda ba ta taɓa shi ba, ta rufe masa ƙofar asibiti. Asibitocin kuɗi da yawa sun kulle ko sun daina karɓar mai zazzaɓi da tari. Ban ga laifin ma'aikatan gaba ɗaya ba: likitoci da nas-nas da dama sun kamu, kayan kariya sun yi ƙaranci, mara lafiya ɗaya in aka same shi da cutar sai a killace duk wanda ya taɓa shi, a rufe sashe guda. Amma sakamakon ɗaya ne. Mai wankin ƙoda ya rasa ranarsa, mai hawan jini maganinsa ya ƙare, mai naƙuda ta yi ta yawo a adaidaita sahu.

To me ya rage wa aboki da aka hana shi tabarmar gefen gado? Da na zauna na warware jinya kamar yadda ake warware tufka, sai na ga igiya ɗaya ce kawai ke bukatar hannu a jikin mara lafiya, kuma wannan Hajiya na riƙe da ita. Sauran duk ana iya jansu daga nesa. Na tura wa mai kemis na layinsu kuɗi ta banki, ya riƙa miƙa magani da tsinken gwajin suga ta hannun yaro. Na buɗe littafi ina rubuta lambobin safe da na yamma, ina tura wa ƙanwata, tana gaya mini abin da za a yi. Na ce a mayar da shi ɗakin da ke da taga biyu, a buɗe su, a fitar da mahaifiyarsa tsohuwa zuwa gidan ƙaninsa, Hajiya ta sa takunkumi ko da na atamfa ne, yara su daina shiga. Ƙanwata ta ce ya riƙa kwanciya rub da ciki, domin mafi yawan huhu ta baya yake, in aka sauke masa nauyi ya fi buɗewa. Na karɓi aikin amsa wayar 'yan dubiya, domin kowane kira numfashi yake ci. Na kuma haɗa abokanmu shida muka yi karo-karo tun kafin a nema, saboda na san shi, zai gwammace ya sayar da babur ɗinsa da ya buɗe baki.

Wasu abokan sun ji haushina da na ce kada su je. Wani ya ce mini zumunta a ƙafa take, kuma dubiya haƙƙin Musulmi ne a kan ɗan'uwansa. Gaskiya ya faɗa. Amma addinin da ya yi umarni da dubiya shi ne ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya hana na ciki fita. Sayyidina Umar da kansa ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, wadda aka fi sani da ta Amwas, wadda ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal. Ba wanda ya ce Umar ya yanke zumunci. Ana dubiya ne don mara lafiya ya ji sanyi a ransa kuma a ga abin da yake bukata. In zuwan zai kwaso cuta ya kai wa wani tsohon, an yi ba a yi ba.

Ni kaina sau ɗaya na je. Da aka fara sassauta kulle ranakun Litinin da Alhamis na 'yan awoyi, na hau babur na kai gero, sugan yara, da katan ɗin ruwa. Na tsaya a bakin zaure. Ɗansa ya riƙo shi ya zaunar da shi a kan kujerar roba a tsakar gida, tsakaninmu kamar taku goma. Yana sanye da farar singileti da zanen Hajiya a kafaɗa, ga zafi amma wai sanyi yake ji. Ya ɗaga hannu ya ce, "Mutumina, yau kuma ni kake gudu?" Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Na lura kafin ya gama wannan 'yar magana sai da ya tsaya sau biyu. Hannuna har ƙaiƙayi yake in je in kama nasa. Na ajiye kayan a dokin ƙofa na ce a nemo mota.

Wurare uku muka je ran nan, ina biye da su a babur. Na farko a rufe. Na biyu mai gadi ya leƙa motar ya ce babu likita. Na uku suka karɓe shi, suka ce oksijin yake bukata, tukunyarsu ɗaya ce kuma akwai mutum a kai. Oksijin a asibiti hanya biyu ake samunsa a irin wuraren nan. Ko dai tukunyar ƙarfe da ake cikowa daga masana'anta, wadda mai tsananin bukata kan shanye cikin awoyi, ko kuma injin da ke tace iskar ɗaki ya ware oksijin, mai ba da lita biyar ko goma a minti, wanda da an ɗauke wuta shi ma ya ɗauke. An buɗe cibiyoyin killacewa a Kwanar Dawaki da filin wasa na Sani Abacha, amma hanyar shiga can ta gwaji ce, gwaji kuma layi ne. Muka yi ta buga lambobin da ake sanarwa a rediyo. Da daddare aka samo tukunya haya a hannun wani, da kuɗin karo-karon nan.

Bayan rasuwar abokina da kamar mako shida, ranar 16 ga Yuni, masu bincike na Jami'ar Oxford suka sanar cewa deksametazon, tsohon magani mai arha da ke kowane kemis a Sabon Gari, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan oksijin. Na daɗe ina juya wannan labari a raina. Amma a kula, binciken bai ga amfaninsa ga wanda bai kai ga bukatar oksijin ba, kuma maganin na ɗaga suga sosai. Waɗanda suka ruga suka saya suna haɗiya a gida don rigakafi, kansu suka cuta.

Abokina kuwa kwana biyu ya yi bayan an samo tukunyar. Ranar Laraba bayan sahur waya ta yi ƙara, na ga lambarsa, na ji muryar ɗansa: "Baffa, Abba ya cika." Ba a kai ga yi masa gwaji ba.

Daga nan tsoro ya koma kan gawa. Mutane na tuna Ebola ta 2014, wadda gawar mai ita ta fi mai rai haɗari saboda ruwan jiki cike yake da ƙwayar cuta. Korona ba haka take ba. Numfashi da tari ke yaɗa ta, mamaci kuwa ba ya yi. Tun cikin Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani cewa ba dole ba ne a ƙona gawa, ana iya binnewa, masu wanka su sa safar hannu da takunkumi, su kiyayi ruwan hanci da baki, kada dangi su sumbaci mamaci. Duk da haka ƙasar Siri Lanka ta yi ta ƙona gawarwakin Musulmi da ƙarfin doka har zuwa Fabrairun 2021. A fiƙihunmu ma akwai mafita tun da can: in wanka ya gagara a kwarara ruwa ba tare da cuɗawa ba, in wannan ma ya gagara a yi taimama. Haɗarin jana'iza yana wurin masu rai ne: sahu kafaɗa da kafaɗa, rububin ɗaukar makara, musabaha ɗari a bakin kabari, cunkuso a mota ɗaya. Kowa ya ga surutun da ya biyo bayan taron jana'izar Malam Abba Kyari a maƙabartar Gudu ranar 18 ga Afrilu. Sallar gawa farilla ce ta kifaya, in mutum kaɗan suka yi ta sauka daga wuyan kowa.

Sanin wannan a kai daban, haɗiye shi daban. Ranar kulle ce, sai na bi lunguna, aka mayar da ni sau biyu, na zagaya. Ko da na isa maƙabarta an riga an jera itace, an rufe, ana yayyafa ruwa. Mutum goma sha wani abu ne, mutumin da a ranar lafiya layinsu ba zai ɗauki masu sallarsa ba. Wani abokinmu da ke Kaduna ya bugo yana tambaya ko su taru su yi masa sallar ga'ib. Shafi'iyya da Hambaliyya suna yi, hujjarsu sallar da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa Najjashi sarkin Habasha. Malamanmu na Malikiyya ba sa yi, kuma ba sa maimaita salla ga wanda aka riga aka sallata. Na tsaya a gefen kabarin na yi masa addu'a, wannan ba mai saɓani a kai.

Sai bayan an hana zaman makoki na gane aikin da yake yi. Da ina ganinsa ɓata lokaci ne, rumfa da tabarmi da hirar siyasa ƙasa-ƙasa. Ashe kwana ukun nan inji ne. Duk wanda ya zo zai tambayi yadda abin ya faru, mai rashi ya ba da labarin sau hamsin, kafin kwana uku labarin ya zauna masa a ƙirji, ya yarda da gaske an tafi. Ba a barin sa shi kaɗai ko na awa ɗaya. Maƙwabta ke girki, wanda asalinsa umarni ne da Annabi ya bayar a dafa wa iyalan Ja'afar abinci ranar da labarin shahadarsa ya iso. A nan ne mai bin bashi ke yafewa ko ya faɗa, a nan ake sanin wa zai riƙe wane yaro. A cikin gida kuma mata ke kewaye mai takaba, su tsefe mata kai, su tilasta mata kunu. Hajiya ta shiga wata huɗu da kwana gomanta a gidan da ba mai shigowa, ita kanta a killace na mako biyu, domin cutar kan kai kwana 14 kafin ta bayyana. Kuma maƙwabta wasu sun janye yaransu, ko kwano ba sa so ya fito daga gidan.

Abin da muka iya kaɗan ne. Matata ta riƙa kiranta kullum bayan la'asar, ba don ta ce ya haƙuri ta kashe ba, sai don ta bar ta ta yi ta maimaita labarin. Muka raba kwanaki tsakanin gidaje shida, kowa da ranar da zai aika abin buɗa-baki a ajiye a zaure. Kuɗin da za a kashe a rumfa da sadakar uku da ta bakwai muka biya ragowar hayar tukunyar oksijin da bashin mai kemis. Ta'aziyyar waya kuwa na koyi cewa saƙon da aka kwafo aka watsa wa mutum ɗari ba ya isa ko'ina. Wanda ya kira ya ce ga abin da marigayi ya taɓa yi mini a shekara kaza, shi ne wanda yaran suke tunawa har yau.

A watan Yunin 2020 Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da tawagar gwamnatin tarayya ta yi. Da yake an riga an binne mutanen, kuma ba ma yarda a fede gawa, sai aka bi hanyar tambayar dangi: ya yi zazzaɓi? ya yi tari? numfashi ya sarƙe? kwana nawa? wace cuta yake da ita da ma? Daga amsoshin likitoci ke ƙiyasta sanadi. An ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, aka ce kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona, yawancinsu sun haura shekara 65, kuma fiye da rabi a gida suka rasu. Na lura tambayoyin nan kusan su ne waɗanda ƙanwata ta ce in riƙa yi tun yana da rai.

Akwai abu ɗaya da al'adarmu ba ta tanada ba, da annoba da babu. Mata tana da takaba, 'ya'ya suna da maraici, iyaye da 'yan'uwa ana zuwa a gaishe su. Aboki shi ne mai shimfiɗa tabarma da raka baƙi, shi ke cewa Allah ya ba da lada. An ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, amma ba a ce ga wanda zai yi masa gaisuwa ba. A duk kwanakin nan mutum ɗaya ne ya kira ni ya ce, "Ya haƙurinka?" Mahaifiyar marigayin ce, tsohuwar da muka fitar daga gidan don kada ta kamu. Ta ce, "Ɗana, na san kai ma an yi maka rashi." Ranar ce na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Littafin lambobin yana nan a durowata, shafi huɗu, na ƙarshe an rubuta 34. Na sayi 'yar na'urar yatsan nan guda biyu, ɗaya a gidana, ɗaya na bai wa limamin layinmu don duk mai bukata ya ara. Mai karatu, in kana da aboki mai suga ko hawan jini, ka karɓi lambar matarsa ko ta babban ɗansa tun yana lafiya, ran da ya ce maka da sauƙi ka kira su su ƙirga maka. In kuma ka idar da salla, ka sa abokina a addu'a tare da sauran waɗanda aka binne a Kano a azumin 2020. Allah ya jiƙansu.